Wa Ya Kawo Ka? Tarihin Cinikin Tufafi a Mubi

Duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san tambayar da dattawanmu ke fara yi wa baƙon da ya zo neman kaya bashi. Bayan an gaisa, an tambayi hanya da mutanen gida, kafin a taɓa maganar turmi ko yadi, sai a dube shi a ce, "To, wa ya kawo ka?" Yaranmu na yanzu suna jin tambayar kamar wulaƙanci, wasu ma su ce ƙauyanci ne. Mu kuwa da muka bi tarihin cinikin tufafi a garin nan, sai muka ga kusan duk abin da kakanninmu suka tara a Mubi, a kan amsar wannan tambaya suka tara shi.

Bari mu fara da wani baƙo da ya kasa amsa ta. A watan Yuni na 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya ratso ta nan. Daga Kukawa ya taso, ya keta ƙasar Margi, ya biyo ta Uba ya sauka Mubi, sannan ya yi kudu ya haye Binuwai, ya shiga Yola ranar 20 ga wata. Mutum ne mai ilimi, yana jin Larabci, yana taɓa Hausa da Barbarci, ga kyaututtuka ya ɗauko. Amma kwana kaɗan ya yi, Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama ya ce ya koma inda ya fito. Laifinsa, tare da manzon Shehun Borno ya zo, a lokacin da Yola da Kukawa ke jayayya a kan ƙasashen iyaka, kuma ba ya riƙe da takardar Sarkin Musulmi. Wanda ya kawo shi ne ya ja masa. Bafataken Kano da ko sunansa bai iya rubutawa ba, ba zai yi wannan kuskure ba.

Abin da ya fi shafarmu a labarin tafiyarsa shi ne kasuwa. A kudu da nan, wajen Sorau, ya tarar ƙyalle ne kuɗin ciniki. Sawaye ne na farin auduga, siriri, faɗinsa kamar yatsu uku, Fulani na kiransa leppi, Barebari na kiran irinsa gabaga. Da shi ake sayen hatsi da nono da kaza. In ciniki ya girma sai a koma riga da turkudi. Turkudin kuwa daga ƙasar Kano yake zuwa, daga marinar Kura da garuruwan da ke kewaye da ita, an tsoma shi a baba ba sau ɗaya ba, an kai mabuga an buge shi da shuni har yana ɗaukar ido. Barth ya zauna Kano a farkon wannan shekarar, ya kuma ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara ya kai na wuri miliyan 300. Wani kaso nasa gabas yake yi, zuwa Fombina. Ke nan mai tufafi a ƙasar nan, a wancan zamani, shi ne mai kuɗi a zahiri, domin kuɗin ne ɗaure a bayan jakinsa.

A nan akwai maganar da ba mu cika son a tayar ba a zaure, amma ta faru. Turkudin da fatake ke kawowa Adamawa, da hauren giwa ake musanya shi, da kuma bayi. Da yawa daga cikin bayin nan a duwatsun da muke kallo kullum aka kamo su, kakannin maƙwabtanmu ne. Bafatake bai hau dutse da mashi ba, amma shi ke saye a ƙasa. Gude da Fali da Njanyi da Kamwe ba su manta ba, ko da ba su faɗa. Wanda ke mamakin abin da ya sa aka daɗe kafin mutanen dutse su saki jiki da ɗan kasuwa mai babbar riga, to ga dalili. Amincin da muke ci yau da su, iyayenmu ne suka gina shi daga baya, da ƙyar, a bakin rumfa: awon yadi ba ƙwange, jiran bashi har kaka, zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauyen da mota ba ta shiga.

To, yaya mutum zai taso daga Kano da dukiyar da ba duka tasa ba, ya yi wata da watanni a hanya, ya sayar a garin da ba ya jin yarensu, ya koma gida da riba? Ayari yana da madugu, wanda ya san kowane sarki a hanya da irin gaisuwar da yake karɓa. Akwai jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da zango, akwai malami mai duba ranar tashi da rubuta wasiƙa. Amma duk wannan hanya ce. In an iso gari, aikin ya koma hannun mutum ɗaya, mai masauki, wanda wasu ke kira fatoma.

Mai masauki Bahaushe ne ko Babarbare da ya riga ya zauna, ya yi aure a gari, ya iya harshen gari. Shi zai ba baƙo ɗaki da tuwo, ya kulle masa kaya a ɗakin ajiya, ya gabatar da shi ga sarki, ya haɗa shi da dillalinsa. Dillali ya nemo mai saye, ya tsaya tsakani yana juya magana, wannan ya ce albarka, a ƙara, har a sallama, ya karɓi la'adarsa. Babban aikin dai shi ne lamuni. Yawancin ciniki bashi ne. Baƙo bai san mai saye ba, ba shi da dogari, ba shi da dangi a gari. In mai masauki ya ce a ba wane, an ba shi, in wanen ya gudu kuwa mai masauki zai biya daga aljihunsa, domin in bai biya ba, labari zai riga ayari isa Kano, baɗi ba mai sauka gidansa. Jarinsa ke nan, sunansa. Shi ya sa Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari. Irin wannan tsari ne ya riƙe cinikin goro a Salaga da Kumasi, shi ne kuma wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya tarar a Sabo ta Ibadan ya rubuta littafi a kai a 1969. Mu nan gabas namu ya bambanta da abu guda: a Ibadan Bahaushe zai iya rayuwa cikin Sabo da Hausarsa, a Fombina kuwa in ba ka da Fulatanci ba ka da kasuwa.

Dubi sunayen unguwanni ma ya ishe ka. Kolere da muke da ita a Mubi, da Fulatanci unguwar Barebari ke nan, Shuware ta Shuwa. Je ka Garwa za ka tarar da Kolere da Hausare da Fulɓere. Kowane baƙo da zangonsa, amma Fulatanci ne ya raɗa wa zangon suna, shi ne kuma harshen luumo, wato kasuwa. Kakanninmu sun koye shi ba makaranta. Sun ƙara da gaisuwar Gude, da ƙidayar Margi, da ɗan Barbarci na ciniki. Ba ƙwarewa suka yi a duka ba. Dattijo ɗaya da muka taso muka gani a kasuwa yakan ce shi a kowane yare abu huɗu ya iya: gaisuwa, ƙirga, ban haƙuri, da gane zagi. Ya ce sun ishe shi ya aurar da 'ya'ya tara.

Zuwan Turawa ya sauya hanya, bai sauya wannan ba. Jamus suka kama Mubi a farkon ƙarni na 20, ta zama cikin Kamaru. Bayan yaƙin duniya na farko aka raba ƙasar, Mubi ta faɗa hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙon amana, Garwa da Marwa da Gidar suka faɗa hannun Faransa. Layi ya ratsa tsakanin mutum da kasuwar da ubansa ke ci. Kaya ma suka sake: akoko da alawayyo da atamfar Ingila suka riƙa hawowa Binuwai a jirgin ruwa da damina zuwa kantunan John Holt da kamfanin Neja a Yola, wasu kuma ta jirgin ƙasa zuwa Kano, inda Kwara suka kafa kantunan da har yau ake kira Kantin Kwari. Leppi ya ba sule da faranka wuri. Bature da Kwara kuwa ba su san kowa a Gella ko Maiha ba. Sai su ba babban ɗan kasuwa kaya bashi, shi ya raba wa yaransa, yaran su bi kasuwannin ƙauye da ƙunshi a ka ko a keke. Masauki ya zama kanti, mai masauki ya zama maigida, lamunin dai yana nan inda yake. A wannan zamanin ne, kamar yadda muka ji daga iyayenmu, yawancin gidajen unguwar nan suka kafu: yaron maigida da aka turo ya kula da kaya kaka ɗaya, ya ga wuri, ya aika a kawo masa iyali.

Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka tambayi mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila ko Najeriya suke so ko Kamaru. Ƙuri'a 146,296 ta zaɓi Najeriya, 97,659 ta zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni aka haɗe, aka yi Lardin Sardauna da hedikwata a nan Mubi. Ana ba da wannan labari a matsayin siyasa, mu kuwa mu dube shi ta bakin rumfa. Da ƙuri'ar ta juya, da Kantin Kwari ta zama ƙasar waje, da Sahuda ba iyaka ba ce. Yadda ta faɗi, sai Mubi ta zama kanti na ƙarshe na Najeriya kafin Bukula, ƙofar da kayan Kano da Kaduna ke bi su shiga arewacin Kamaru har Cadi.

Kuma kayan sun samu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna a 1957, Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960, Kano ma ta yi nata. Kamaru ta kafa CICAM a 1965, da masaƙa a Garwa. Atamfa ta riƙa ƙetare iyaka ta kowane ɓangare, ya danganta da wanda kuɗinsa ya fi nauyi. Bayan 1986, da naira ta fara zubewa, mai sefa ya ga atamfar Najeriya kamar kyauta, Mubi ta cika da masu saye daga Gidar da Mokolo da Marwa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, dare ɗaya lissafi ya juye, wanda ya ba da bashi da sefa ya kwana ciki. Ga kuma kasuwar shanu, wadda ba a cika haɗa ta da tufafi ba, alhali ɗaya ke ciyar da ɗaya: mutumin Cadi ko Kamaru ya sayar da shanunsa an ba shi naira, nairar ba ta da amfani a garinsu, sai ya juya ta shadda da atamfa da yadi ya koma. Dillalin shanun da ya sauke shi, shi zai nuna masa rumfar da zai shiga. Mai rumfar da ba ya gaisawa da 'yan tike, ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa.

Ko a ƙirga akwai tarko. Jaka a bakinmu naira 200 ce. Booro a bakin mutumin Garwa, ita ma ma'anarta jaka, amma sefa 1,000 ce. Yaro sabon shiga da ya fassara kalmar bai fassara kuɗin ba, ya sha dariya, wani lokaci ya sha mari.

Yadda ake koya wa yaro wannan aiki shi ne abin da muka fi son matasanmu su ji. Ba a fara ba shi almakashi ko ma'auni. Shekarar farko shara ce da ninkin kaya da kawo ruwa, yana zaune a gefe yana saurare. A nan zai koyi cewa ba a tambayar baƙo abin da yake so sai ya sha ruwa, ba a faɗin kuɗin kaya a gaban dillalin da ya kawo mai saye, ba a tuna wa mutum bashi a gaban surukinsa. Daga nan a fara aikensa da saƙon baki, a ga ko zai kai shi yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Sai a ba shi sautu ƙarami. In ya yi shekaru ba a kama shi da ƙarya ba, ranar nan maigida zai ce ya shirya, za su Kano. Su kama hanya ta Mararraba da Hong da Gombi, su kwana a mota. A Kantin Kwari maigida zai bi da shi kanti kanti, ya ce, "Wannan yarona ne, in ya zo ni ne na zo." Wannan kalma ita ce sallamar gaske. Kuɗin jarin da ake ba yaro ranar da zai buɗe tasa rumfar, kowa ya san bai kai rabin darajarta ba.

Rabin cinikin kuma bai taɓa fitowa kasuwa ba. A cikin gida yake, a hannun dillaliya, tsohuwar da ke shiga gida gida da ƙunshi, ta san wadda za ta aurar da 'ya, ta san wadda za ta ɗauki adashi a watan gobe, ta san wadda mijinta ya hana ta cin bashi. Ita ke kawo wa mai rumfa labarin zanen da ya shiga da wanda ya fita tun bai ga alama ba. Lefe da anko da kayan suna, duk ta bakinta suke bi, ita ce kuma ke cewa a kai wa wane tela, kada a kai wa wane, ba ya cika alkawarin Sallah. Telan da dillalai mata suka juya wa baya, ko ya fi kowa iya surfani sai ya koma facin wando. Mun rubuta tarihin maza da yawa a mujallar nan, na waɗannan iyaye namu ba wanda ya tattara, ga shi suna ta ƙarewa.

Masaƙun Kaduna sun mutu a idonmu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, kayan Sin suka cika Kwari, manyan 'yan kasuwa suka koma Dubai da Guangzhou. Wayar salula, da ta shigo ƙasar a 2001, ta sa kowa na iya jin farashin Kano daga Mubi. Aka fara cewa zamanin maigida ya wuce.

Sai jarrabawa ta zo. A Janairun 2012 aka kashe 'yan kasuwa Ibo a garin nan, da yawa suka kwashe iyali suka tafi, hanyar kayan Aba da Onica da muka daɗe muna bi ta hannunsu ta yi rauni. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, aka kashe layukan waya na makonni. Sai ga mu mun koma takarda a hannun direba da saƙon baki, kuma waɗanda suka iya aikawa a saurare su, su ne waɗanda aka san fuskarsu a can. Ranar 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram suka shigo Mubi. Ba sai mun ba ku labari ba, kowa ya san dutsen da ya bi. Wasunmu Yola, wasu Kano, da yawa suka ƙetara Kamaru a ƙafa, kuma gidajen da suka buɗe mana a can, gidajen abokan cinikin iyayenmu ne, waɗanda suka ce jabbama kafin su tambayi komai. A tsakiyar Nuwamba aka ƙwato gari. Muka dawo muka tarar da rumfuna a fashe, littattafan bashi sun ɓace, ba wanda zai iya nuna takardar abin da yake bi ko ake binsa. Allah Ya jiƙan waɗanda ba su dawo ba, da waɗanda bama-baman 2017 da 2018 suka ɗauke mana.

Abin da ya tayar da layin 'yan atamfa bayan wannan, mun gani da idonmu. Mutum ya je Kano hannu rabbana, ana binsa kuɗin kayan da aka wawashe, maigidan can ya dube shi ya ce, "Na san babanka," ya ɗaga masa tsohon bashi, ya ƙara masa sabon kaya. Wanda kuwa lambar waya ce kawai ta haɗa shi da mai kaya, an yi masa jaje da kyau, an ce ya turo kuɗi a loda masa.

Ba muna kushe waya ba ne. 'Yan matanmu da ke ɗinki a ɗaka suna sa hoton aikinsu a WhatsApp da Facebook, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na jami'ar jiha suna saye, har daga Yola da Abuja ana aiko musu da awo. Iyayensu mata ba su taɓa samun irin wannan ƙofa ba, kuma mun ji daɗi. Amma ko watan jiya an kawo ƙara gaban dattawan unguwa: yaro ya tura kuɗin dila biyu ga wani da ya gani a waya, an ce yana Kwari, har yau ba kaya ba mutum. Da aka tambaye shi wa ya haɗa su, sai ya ce mutumin yana da mabiya da yawa. Wani kuma an turo masa hoton shaidar biya na ƙarya, ya ɗora kaya a mota zuwa iyaka.

Harshen ma yana tafiya. Hausa ta ci kasuwar Mubi har Bagude da Bafulatani da ita suke ciniki tsakaninsu, sai 'ya'yanmu suka ga ba su da bukatar koyon na kowa. Amma matar da ta taso daga ƙauyen Gidar da sefa ɗaure a bakin zane, Fulatanci take ji, in ta yi boko ta ƙara da Faransanci. Ta shigo layi, yaro ya daddanna lamba a waya ya nuna mata, ta duba, ta yi murmushi, ta wuce rumfar gaba inda aka tambaye ta yaya ruwa a garinsu. A layinmu akwai dattijo guda da ya haura saba'in, ya daina ciniki, zuwa kawai yake ya zauna a benci. In irin waɗannan baƙi suka zo, shi ake aikawa a kira daga rumfa zuwa rumfa.

An kawo shawara a zaman dattawa na bayan Sallah cewa kowane mai rumfa ya riƙa tafiya da yaro ɗaya duk zuwansa Kano ko Garwa, kuɗin motar yaron a kan maigida. Wasu sun amince nan take. Wasu sun ce kuɗin mota ya yi tsada, kuma yaran yanzu in ka nuna musu mai kaya, wata uku sun karɓi lambarsa sun zagaye ka. An ɗage maganar zuwa zama na gaba, kuma an ce a gayyato telolin unguwa da dillalai mata biyu su faɗi nasu.